Waƙoƙin ƙasashe daban-daban a bikin rufe makaranta: guda nawa za a ɗauka, kuma yaya za a koyar da su?

Malamar JSS

Assalamu alaikum. An ɗora mini shirya mawaƙan makarantarmu domin bikin rufe zango na watan Disamba, kuma hukumar makaranta tana so a yi waƙoƙin gargajiya da na bukukuwa daga ƙasashe daban-daban, kowace a harshenta na asali. Yara 36 ne, 'yan shekara 11 zuwa 16, mata 24 maza 12, Musulmi da Kirista. Hausa ce ta fi ƙarfi a bakinsu, sai Turanci. Akwai 'yan ƙalilan masu jin Yarbanci. Babu mai karanta nota, amma wasu sun san do-re-mi daga kwaya.

Saura mako 10, bita sau biyu a mako, awa ɗaiɗai. Muna da fiyano na lantarki ɗaya, jita ɗaya, kuma za mu iya aron ganguna. Minti 35 aka ba mu, a filin makaranta za a yi da yamma. Na tattara waƙoƙi 14 a harsuna 12, cikinsu akwai Stille Nacht ta Jamusanci, Shchedryk ta Yukiren, Arirang ta Koriya, Sakura ta Japan, Shosholoza da Siyahamba na Afirka ta Kudu, La Bamba ta Meziko, Lamma Bada ta Larabci, da wata ta Faransanci da ta Swahili. Abin da nake tambaya: guda nawa ya kamata in bari, ta yaya ake koya wa yara lafazin harshen da ni ma ba na ji, kuma wane kiɗa ya dace a sa musu? Na gode.

Tsohon Shugaban Kwaya

Wa alaikumus salam Malama. Goma sha huɗu ta yi yawa, kuma ba minti 35 ɗin ne matsalar ba, lokacin bita ne. Ki lissafa: awa 20 gare ki gaba ɗaya. Ki ware huɗu na ƙarshe domin haɗa shirin daga farko har ƙarshe da gwaji a filin, ki ɗauka jarrabawa da mura za su cinye biyu, saura 14. Waƙa a baƙon harshe, ko da baiti ɗaya ce da amshi, tana cin wajen awa biyu kafin ta zauna a bakin yara har su rera ba sa duban takarda. Don haka shida na baƙin harsuna, biyu na harsunan da suka sani, takwas ke nan. Kowace minti biyu da rabi zuwa uku da rabi, ki ƙara rabin minti na gabatarwa a gaban kowace, kin kusa cika lokacinki.

Kafin ki zaɓa, ki zauna gaban fiyano ki nemo nota mafi ƙasa da mafi sama a kowace waƙa. Yaran wannan shekarun, mata da mazan da muryarsu ba ta buɗe ba, suna sakewa ne daga C na tsakiya zuwa D na sama, mataki tara. Arirang mataki takwas ce cif, daga so na ƙasa zuwa so na sama, in kika sa ta a ki ɗin F, wato F ta zama do ɗinta, za ta tsaya tsakanin C da C, ba mai wahala. Stille Nacht kuwa tana yaudara saboda sanyinta: mataki goma sha ɗaya ce, daga do har fa na sama, kuma fa ɗin yana zuwa ne daf da ƙarshe lokacin da numfashi ya ƙare. A ki ɗin C yara za su yi ƙara a kan F. Ki sauke ta zuwa B-flat ko A. Yawancin fiyanon lantarki suna da maɓallin sauke ki, mai kiɗa zai ci gaba da buga abin da ya saba, sai dai a rubuta lambar kowace waƙa a takarda a manna a jikin fiyanon, domin mantawa da mayar da shi sifili ya sha jefa waƙa ta gaba cikin rami.

Mazan nan 12, ki saurare su ɗaya bayan ɗaya a makon farko. Waɗanda muryarsu ke kan buɗewa nota biyar ko shida kawai suke da su, wajen G na ƙasa zuwa D ko E na tsakiya. Idan kika tilasta musu bin karin mata, gunaguni za su riƙa yi a ƙasa su ja kowa. Ki ba su layin da ke maimaita kansa. Shosholoza ta dace da su sosai: waƙar ma'aikatan ma'adinai ce da ke shiga jirgin ƙasa daga Zimbabuwe zuwa Afirka ta Kudu, mai bayarwa da 'yan amshi, kuma layin ƙasa nota kaɗan ne da ke juyawa kan kod uku, wato haɗin notocin da ake bugawa tare.

Sai maganar rabin mataki, wato ƙaramar tazarar da ke tsakanin mi da fa, da ti da do. Kunnen da ya tashi da waƙoƙinmu na gida ya fi sabawa da nota biyar, do re mi so la, shi ya sa Arirang za ta shige su a zama ɗaya. Inda ake zamewa shi ne fa da ti. Kada ki ga an ce Sakura ma nota biyar ce ki saki jiki, biyar ɗinta daban ne: mi fa la ti do. Rabin mataki biyu ne a ciki, kuma saukowa daga la zuwa fa yara kan mayar da shi la zuwa so ko mi ba tare da sun ji sun sauya komai ba. Magani shi ne minti biyar na farkon kowace bita a riƙa hawa da sauka kan mi-fa-mi da ti-do-ti a hankali, fiyano yana riƙe da nota ɗaya a ƙasa.

Shchedryk tana da irin wannan ciwon. Mykola Leontovych ne ya tsara ta ga kwaya, aka fara rera ta a Kiyef a 1916, kuma ginshiƙinta nota huɗu ne, do ti do la, da ake ta maimaitawa. Duk maimaici ti ɗin yana ɗan sauka, do ɗin da ke biye ba ya komawa inda ya fito, kafin a kai tsakiya an zame rabin mataki. Asalinta ba kayan kiɗa, amma ga yaranki a bar fiyano ya riƙa taɓa notar farkon kowane awo a hankali. Murya huɗu aka rubuta ta, ke ki tsaya a biyu: masu maimaici, da masu dogayen notoci huɗu da ke saukowa a ƙarƙashinsu.

Wajen jerawa, ki buɗe da wadda suka fi iyawa domin tsoro ya sake su, mai wuya ta zo ta uku ko ta huɗu, kada masu sanyi biyu su biyo juna, ki rufe da mai amshin da jama'a za su iya karɓa.

Malam Na Sashen Harsuna

Baba ya gama maganar adadi, ban da abin ƙarawa. Ni lafazi zan taɓa, domin a nan irin wannan shiri ya fi lalacewa, kuma yawancin kuskuren ana iya hango shi tun kafin yara su buɗe baki, tunda daga tsarin Hausa yake fitowa.

Na farko kuma mafi girma: Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka bakinmu yana cusa wasali a tsakani. A magana ba laifi, a waƙa kuwa kowane wasali gaɓa ce, kowace gaɓa tana neman notarta. Kalmar farko ta waƙar Jamusancin nan gaɓa biyu ce, sh da t a manne, sai ille. Yaro zai ce shitille, ya zama uku, kari ya karye tun daga bugun farko. Ta Yukiren ma da sh da c a manne take farawa, sannan ga d da r a tsakiya. Yadda ake gyarawa: a sa su ja shhh kamar mai hana surutu, dogo, sannan su faɗa kan sauran kalmar ba tare da sun buɗe baki a tsakani ba, a riƙa gajarta shhh ɗin har ya zama ƙyaftawa. A waƙa, baƙin farko yana zuwa ne kafin bugu, wasalin ne ke sauka a kan bugu. A Swahili kuma akasin haka ake samu: m ɗin farkon kalma kamar mtoto gaɓa ce mai zaman kanta, baki a rufe ake rera ta, ba mu ba ce ba kuma im ba.

Na biyu, mu ba ma fara kalma da wasali tsirara, akwai 'yar hamza a gabansa ko da ba a rubuta ta. Sifaniyanci, Faransanci da Zulu kuwa haɗe kalmomi suke yi: in kalma ta ƙare da wasali ta gaba ta fara da wasali, sai su narke su hau nota ɗaya, ko ɗaya ya faɗi. In yara suka sa hamza a nan, gaɓa ta ƙaru kuma waƙar ta riƙa tsalle-tsalle. Ki bi rubutun da jan biro ki ɗaure duk irin waɗannan wurare da baka a ƙasa.

Na uku, p da v. Ga Sifaniyanci v ba damuwa ba ce, su ma b da v sauti ɗaya suke yi musu. Amma a Faransanci da Swahili dole a raba p da f, a raba v da b. Takarda siririya a gaban leɓe tana taimakawa: p leɓɓa ne ke rufewa su fashe, f da v haƙoran sama ne ke hawa leɓen ƙasa. A Zulu kuma h ɗin da ke bayan p, t, k iska ce kawai: ph ba f ba ce, th ba irin ta Turanci ba ce. Wanda ya karanta siphume ta cikin Shosholoza da f ya faɗi abin da ba shi aka rubuta ba.

Akwai kuma inda muke da riba, a yi amfani da ita. Wasulanmu biyar su ne na Swahili, Sifaniyanci da Japananci, kuma mun san dogon wasali da gajere, mun san baƙi mai shadda, abin da mai Turanci ke shan wuya a kai. F ɗinmu ta leɓɓa biyu ita ce ta Japananci a fu. Yaran da suka yi Islamiyya sun riga sun mallaki harafin kha, shi ne ch na Jamusanci a Nacht, shi ne kusan j na Sifaniyanci, yana kuma cikin harshen Yukiren. Abin lura ɗaya: ts na Japananci ba namu ba ne mai matse maƙogwaro, t ce da s a sake. Wasalin u na Faransanci da ü na Jamusanci: a ce i, a bar harshe inda yake, a tsuke leɓɓa kamar mai fito.

Kada ki ba yara rubutun asali a farko, idonsu zai karanta shi da ƙa'idar Turanci. Ki rubuta a babban kwali layi uku-uku: na sama lafazin da haruffan Hausa, an raba gaɓa-gaɓa, na tsakiya rubutun asali, na ƙasa ma'anar kowace kalma a ƙarƙashinta. Matakan koyarwa huɗu ne kuma kada a tsallake: a faɗi layi a matsayin magana, a faɗe shi cikin bugun waƙar da tafi ba kari, a rera karin da la-la ba kalmomi, sannan a haɗa. Layi biyu a zama ɗaya sun isa. Lafazin da aka koya a karkace a makon farko ya fi sabon layi wuyar gyarawa, shi ya sa ba a sa kari sai kalmomi sun miƙe.

Ga batun cewa ke ma ba kya jin harsunan: ki nemo mai harshen ya karanta miki a waya sau biyu, sau ɗaya yadda yake magana, sau ɗaya a hankali gaɓa-gaɓa, ki tura wa iyaye ta WhatsApp. Faransanci ba wuya, ga 'yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi, ga sashen Faransanci a kwalejojin ilimi. Larabci ma haka. Na Yukiren, akwai likitoci da dama a asibitocinmu da suka yi karatu can. Harshen da kika rasa mai shi kuma kika rasa rikodin na 'yan ƙasar, ki ajiye waƙarsa. Kwaikwayon wata kwayar Amurka da ita ma kwaikwayo ta yi, kuskure biyu ne za ki gada. In za ki sa ta Yarbanci, ki bar yaran da ke ji su jagoranta, domin harshe ne mai karin sauti hawa uku, ga kp da gb da wasula biyu da Hausa ba ta da su. Masu ƙyas-ƙyas ɗin harshe na Xhosa kuwa a bar su sai wata shekara.

Ɗan Makaɗa

Malama, ranki ya daɗe, roƙona ɗaya: a kashe gangar cikin fiyanon nan. Idan mai fiyano ya kunna bugun da ke zuwa da na'urar, waƙoƙi takwas za su fito da riga ɗaya, ta Koriya da ta Meziko duk su koma kiɗan biki. Abin da ke raba waƙoƙin nan a kunnen mai sauraro, bayan harshe, bugu ne.

Kuma ban yarda da Baba gaba ɗaya ba cewa Arirang ba ta da wuya. Karinta mai sauƙi ne, bugunta ne tarko. Uku-uku take tafiya, hannun makaɗinmu kuwa ya saba da huɗu, ko shida da ake ji biyu-biyu, zai ƙara mata bugu na huɗu bai sani ba. A Koriya da ganga mai siffar kalangu ake raka ta, janggu, sai dai ta fi kalangu girma nesa, gefe ɗaya mai kauri ɗaya mai kaifi. Bugun da aka saba yi mata manyan bugu uku ne, kowanne an kasa shi uku, tara ke nan: a na 1 da na 4 a buga gefe biyu tare, na 6 mai kaifi, na 7 mai kauri, na 8 mai kaifi, sauran shiru. Ganga mai fuska biyu za ta yi wannan, hannu a gefe ɗaya, siririn tsinke a ɗayan. Kada a matsa tsirkiyar kalangu a ce za a yi magana da shi a nan. Gudun manyan bugun ya tsaya wajen 80 zuwa 90 a minti.

Sakura ba ta son ganga ko kaɗan. Jita ta riƙa tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya kusa da gindin, ba kod, domin ta kusanci amon koto, kayan kiɗan Japan mai tsirkiyoyi, sai sarewar roba ta makaranta ta bi kari. Stille Nacht ma jita kawai: da jita aka fara rera ta a Oberndorf ta ƙasar Ostiriya a daren 24 ga Disamba 1818, muryoyi biyu. Shida-shida ce, a ji ta tana lilo biyu-biyu, kada a ja ta har yara su rasa numfashi a tsakiyar layi.

Lamma Bada ita ce za ta ci lokaci. Bugunta goma ne, ana kasa shi 3, 2, 2, 3. Mai kauri a na 1, mai kaifi a na 4, mai kauri a na 6 da na 7, mai kaifi a na 8, na 9 da na 10 shiru. Kuskuren da kowa ke yi shi ne cinye shirun ƙarshen nan, goma ta koma takwas. Kafin su ji karin, su yi mako guda suna yin bugun a jiki: cinya ga mai kauri, tafi ga mai kaifi, suna ƙirgawa da baki har da wuraren shiru. Kifaffiyar ƙwarya ta isa: dunƙulen hannu a tsakiya, zobe ko yatsa a gefe. Sa'arki ɗaya, karinta a kan jerin notocin Larabawa da ake kira Nahawand yake, fiyano yana da dukan notocinsa. Waƙar Larabci da ke kan jerin Bayati ko Rast tana da notocin da ke faɗawa tsakanin maɓallai biyu, fiyano na yau da kullum ba shi da su, a irin wannan gara murya da ganga kawai. Ban ba da shawarar bandiri a kanta ba, mutane sun san shi da zikiri, ita kuwa waƙar soyayya ce.

La Bamba daga Veracruz take, kod uku ne ke zagayawa, kuma a can ƙafar masu rawa a kan katako ita ce gangar. Ki samu faffaɗan katako ki ɗora kan bulo, yara huɗu masu takalmi mai tauri su taka. Shosholoza ba ta buƙatar komai sai taku da tafi, in an so a ƙara tulu irin na Zumuntar Mata yana ba da na ƙasa. Amma a ja wa masu tafi kunne, su ne ke ƙara gudu.

Ta Hausa kuma kada a mayar da ita cikon benci. Waƙar gaɗa da tafinta na gaske, ko kiɗan ƙwarya da shantu, a nemo dattijuwar da ta iya ta koya musu da baki. Tashe ma ya shiga layin waƙoƙin lokaci, tunda daga goma ga azumi ake fara shi, sai dai a zaɓi wanda ba zolayar wata ƙabila ko mai naƙasa a ciki, a kuma gaya wa jama'a cewa na Ramadan ne aka kawo don nuni.

Malamar JSS

Allah ya saka da alheri, na rage zuwa takwas. Saura abu biyu: wasu iyaye sun fara tambaya ko za a sa 'ya'yansu rera waƙar addinin da ba nasu ba. Sannan makaranta tana so ta ɗora bidiyon a Facebook da YouTube, akwai matsala?

Tsohon Shugaban Kwaya

Tambayar iyayen tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin layin ma'anar da Malam ya ce ki rubuta. Ki buga fassarar kowace waƙa cikakkiya ki aika gida tun mako na biyu, kada ki taƙaita. Daga nan waƙoƙin za su rabu da kansu. Stille Nacht ta haihuwar Almasihu ce, Siyahamba ta coci ce, waɗannan na masu so ne, ƙaramin rukuni ya rera su sauran su zauna, haka in an sa ta yabon Annabi a ɗaya ɓangaren, kuma ba rawa a kanta. Ki tsara tsayuwa yadda fita da shigowar rukuni ba za ta zama abin kallo ba. Sauran na kowa ne. Shchedryk, ko da yake duniya ta san karinta a lokacin Kirsimeti, a harshenta waƙar sabuwar shekara ce: tsattsewa ta shigo gida tana yi wa maigida albishir da 'yan raguna da wadata. Sakura furen bazara ce, Arirang rabuwa da kewa. Kada kuma wani ya ɗauka duk abin da ke Larabci addini ne, ki karanta fassarar Lamma Bada da kanki ki ga ko ta dace da 'yan shekara 11, akwai iyayen da za su ji kowace kalma.

Batun ɗorawa a intanet, kalmar gargajiya da ake liƙa wa waƙa ba hujja ba ce. Mbube, wadda ta zama The Lion Sleeps Tonight, an daɗe ana ɗaukarta ta gargajiya, alhali Solomon Linda ne ya yi ta ya kuma ɗauke ta a faifai a 1939, sai a 2006 aka sasanta da magadansa. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Gruber mai karin Stille Nacht ya rasu a 1863, Leontovych a 1921, waɗannan sun fita. Amma kalmomin Turanci da aka ɗora wa karin Shchedryk a 1936 na wani ne daban, haka Feliz Navidad ta 1970 da Jambo Bwana ta farkon shekarun 1980 duk suna da masu su. Sannan ko waƙa tsohuwa ce, sabon tsarin muryoyi da wani ya rubuta ya sayar nasa ne. Mafi sauƙi ki ɗauki tsohon kari ki yi naki tsarin mai murya biyu, kada a kunna kiɗan wani a baya, kuma a karɓi izinin iyaye a rubuce kafin a sa fuskar yaro a intanet.

Mai Lasifika

Tunda a fili ne, ga nawa. Masu haya za su kawo makirufo na hannu guda shida su raba wa na gaba, sai a ji yara shida a rasa talatin. Ki ce musu makirufo biyu irin kondensa, masu ɗaukar murya daga nesa, kike so a kan dogayen sanduna, ɗaya na ɗaukar mutum 15 zuwa 20, kuma mikisa, na'urar haɗa sauti, ta zama mai ba su wutar 48V, in ba haka ba ba za su yi magana ba. A jera yara sahu uku, na baya a kan benci mai ƙarfi. Sandunan su tsaya kamar santimita 60 zuwa 90 gaban sahun farko, kan makirufon ya ɗara kan na sahun baya tsawo, yana kallon su. Tazarar da ke tsakanin makirufo biyun ta kai ninki uku na nisan kowanne da bakin da ya fi kusa da shi, in suka matsu sauti yana yin rami. Na hannu ɗaya ga mai bayarwa, ɗaya ga mai gabatarwa.

Lasifikoki su kasance gaba da makirufo suna kallon jama'a. Kada a mayar wa yara muryarsu ta lasifikar ƙasa, daga nan kuwwa ke tashi, fiyano da jita kawai za a ba su kaɗan. A yanke ƙasan sauti daga wajen 120 Hz zuwa ƙasa a layin makirufon kwaya. Ganga da katakon rawa su koma gefe, taku huɗu ko biyar daga sandunan, ba su buƙatar makirufo a taron makaranta. Eko kuma a kashe shi ƙurmus, ki tsaya a kan wannan ko mai na'ura ya ɓata rai, duk wahalar lafazin da aka sha eko zai dame ta.

Disamba hunturu ne: a sa wa makirufo soso saboda iska, a tanadi ruwa mai ɗumi ga yara, a sake ɗaure jita daf da farawa domin sanyin yamma yana motsa tsirkiya, fatar ganga ma bushewa take ƙara ɗaurewa. Janareta ya yi nisa, bayan gini, da mai a cike. A yi bita ɗaya cikakkiya ba wuta ko kaɗan, a ajiye sarewa kusa da ke domin ba da notar farko in fiyano ya mutu. Gwajin sauti kuma a yi shi da yaran a tsaye a wurarensu, awa ɗaya kafin baƙi su iso, da waƙa mafi sanyi da mafi ƙarfi a jerin.